Karɓar kuɗi ta kati a intanet: dillali, asusun kanka, ko wani ya sayar da sunansa?

Duk ɗan kasuwar da ya ƙudiri aniyar karɓar kuɗi ta kati a shafinsa na intanet, tambayar da ke fara fitowa daga bakinsa ita ce, "Nawa za su riƙa cire min?" Tambayar tana kan hanya, amma akwai biyu da ya kamata su riga ta. A hannun wa kuɗinka zai kwana kafin ya iso gare ka? Kuma ranar da ciniki ya watse, wa zai ɗauki asarar? Hanyoyin da ake bi guda uku ne: ka raɓa da kamfanin dillanci irin su Stripe da PayPal, ko ka buɗe asusun karɓar kati naka na kanka ta hannun banki, ko ka miƙa sayarwar ɗungurungum ga wani kamfani ya yi da sunansa. A wajen amsa tambayoyin nan biyu ne hanyoyin suka rabu da juna sosai, fiye da wajen la'ada.

Sai an san yadda kuɗin ke tafiya kafin kwatancen ya zauna. Mai saye ya rubuta lambar katinsa da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya, ya danna. Saƙo ya tashi daga shafinka, ya bi ta ƙofar biya, wato manhajar da ke ɗaukar bayanan katin daga shafinka ta isar da su, ya isa bankin da ke karɓa a madadinka, daga nan layin Visa ko Mastercard ya kai shi bankin da ya ba mai sayen kati. Wancan bankin ya duba ya ce ya amince ko bai amince ba, duk cikin daƙiƙu kaɗan. Amincewar nan alkawari ce kawai, kuɗin kansa sai bayan kwanaki yake shigowa. Ko ya shigo ma bai gama zama naka ba. Mai kati yana da damar komawa bankinsa ya ce kayan ba su iso ba, ko ba su ne aka nuna masa ba, ko ma ba shi ya yi sayayyar ba, bankin kuma ya janye kuɗin daga wurinka. Wannan shi ne cajbak. Wa'adinsa yawanci kwana 120 ne, wani lokaci ma daga ranar da ya kamata kaya su isa ake fara ƙirga shi. Haƙƙin ba sabo ba ne: tun 1974 dokar Amurka ta ba masu katin bashi damar jayayya a kan abin da aka caje su, kamfanonin kati kuma suna da irin wannan ƙa'ida a duk inda katinsu ke aiki.

To idan mai kati ya janye kuɗinsa, aka zo asusunka aka tarar wayam, ko ka riga ka rufe harkar, wa zai biya? Bankin da ya karɓa a madadinka, ko dillalin da ya tsaya maka. Don haka a idonsu kai mutum ne da suka tsaya wa lamuni na tsawon watanni. Tambayoyin da suke yi, da riƙe kuɗi, da rufe asusu ba zato ba tsammani, duk daga wannan lamunin suka samo asali. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane sauran bayanin cikin sauƙi.

Hanyar dillali ita ce mafi yawan mutane ke farawa da ita, kuma suna da hujja. Tushen PayPal ya koma 1998, Square ta zo a 2009, Stripe kuma 'yan'uwa biyu, Patrick da John Collison, suka kafa ta a 2010. Kowane yanki yana da nasa: Razorpay a Indiya, Mercado Pago a Kudancin Amurka, Paystack a Afirka, wadda Stripe ta saya a 2020. Su ne ke da babbar yarjejeniya da bankuna, kai kuma ka shiga ƙarƙashinsu, kamar mai baza hajarsa a gefen rumfar wani: ba ka biya kuɗin kama rumfa ba, yau ka zo yau ka fara ciniki, amma ranar da mai rumfa ya ce ka kwashe, sai ka kwashe. Rajista ba ta wuce cike fom da ɗora takardun shaida. Yawanci babu kuɗin wata, babu yarjejeniyar shekaru. Wanda bai da shafi ma yana iya tura wa mai saye mahaɗin biya ta saƙo.

La'adarsu ɗaya ce a kan kowane ciniki. Sanannen farashin Stripe a Amurka shi ne kashi 2.9 cikin 100 da santi 30, da ƙarin kashi 1.5 idan katin na ƙasar waje ne, da wani kashi 1 idan sai an yi canjin kuɗi. A wasu ƙasashe alƙaluman sun bambanta, amma fasalin ɗaya ne: kaso da kuma ɗan tsayayyen kuɗi. Wannan ɗan tsayayyen kuɗin ne ake rainawa, alhali shi ke cin ƙananan ciniki. A cinikin dala 100 za a cire dala 3.20, wato kashi 3.2. A cinikin dala 5 za a cire kusan santi 45, wato kusan kashi 9. Mai sayar da ƙananan abubuwa da yawa ya fara lissafinsa daga nan. A kuma sani, idan ka mayar wa mai saye kuɗinsa, manyan dillalan ba sa mayar maka da la'adar da suka cire tun farko.

Raunin wannan hanya yana cikin abin da ya sa take da daɗi. An karɓe ka nan take ne saboda ba a bincike ka sosai ba. Binciken yana nan tafe, sai dai zai zo bayan kuɗinka ya riga ya shiga hannunsu. A ɗauki misalin mai sayar da jakunkunan hannu da ke cinikin dala 3,000 a wata. Wani bidiyon hajarta ya yaɗu, cikin mako guda oda ta kai ta dala 40,000. A wurinta wannan buɗi ne. A wurin kwamfutar dillali kuwa alamar haɗari ce: sabon asusu, ciniki ya ninka fiye da sau goma, kaya ba su fita ba tukuna. Sai ta wayi gari da imel cewa an dakatar da tura mata kuɗi, a aiko da rasit ɗin inda take saro kaya, da lambobin bin sawun kayan da ta aika, da bayanan asusun bankinta. Ga ɗaruruwan mutane suna jiran jakunkuna, kuɗin da za ta saro su da shi kuma shi ne aka riƙe. Idan ta yi jinkiri masu saye su fara ƙorafi a bankunansu, ƙorafin kuma ya ƙara wa dillali hujjar ci gaba da riƙewa. Ba wanda ya yi ha'inci a nan, amma harkar tana iya durƙushewa a makon da ya fi kowane ciniki. Kuma wannan iko a rubuce yake: yarjejeniyar PayPal, alal misali, ta ba kamfanin damar riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21, da kuma riƙe na asusun da aka taƙaita har kwana 180. Sauran dillalai ma suna da makamancin sharaɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke danna "na amince" ba tare da sun karanta jerin sana'o'in da dillalin ya hana ko ya sanya wa sharaɗi ba. Jerin yana nan a fili a shafin kowane kamfani, karanta shi ba zai ci rabin awa ba. Fom ɗin rajista ba lallai ya tare ka ba idan sana'arka tana ciki. Sai ka yi watanni kana ciniki kafin a lura, ranar da aka lura kuma a rufe asusun da kuɗinka a ciki.

Asusun kanka ya juya tsarin: bincike a gaba, ciniki a baya. Za ka nemi banki ko kamfanin da ke da lasisin karɓar kati, ka miƙa takardun rajistar kamfani, bayanan asusu na watanni, tarihin cinikinka ta kati idan akwai. Za su leƙa shafinka su ga ko akwai adireshi da lambar waya, da ƙa'idar mayar da kuɗi, da bayanin tsawon lokacin kai kaya. Za su ba sana'arka lamba mai alƙaluma huɗu da ke nuna ajinta, ku kuma yi ittifaƙi a kan yawan cinikin da ake sa ran za ka yi a wata da mafi girman ciniki guda. Abin yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Sau da yawa ƙofar biya daban take, irin Authorize.Net da ke aiki tun 1996, kuma ita ma tana da nata kuɗin wata. Akwai yarjejeniya mai wa'adi, wasu da tarar fita kafin lokaci. Wahala ce, babu musu. Abin da kake saye da wahalar shi ne an san ka. Idan za ka yi babbar talla, kana iya kiran jami'in da ke kula da asusunka tun kafin ranar ka ce ciniki zai hauhawa. Wannan asusun ma ana iya riƙe kuɗinsa, kada a ruɗe ka, amma wanda ya riga ya ga takardunka ya amince da irin sana'arka ba ya saurin firgita kamar kwamfutar da ba ta san ka ba.

A nan ne kuma la'ada ke iya sauka. Abin da ake cirewa a kowane ciniki kashi uku ne: kaso mafi tsoka na bankin da ya ba da kati, ɗan ƙarami na Visa ko Mastercard, sai ribar wanda ya karɓar maka. Biyun farko ba a ciniki a kansu, na ukun ne kawai ake tayawa. Dillali yana dunƙule ukun ya ba ka farashi ɗaya, ya ci riba mai yawa a katunan da ke da araha, ya ci kaɗan a masu tsada. A asusun kanka kana iya neman a ware maka su: ka biya ainihin kason bankin mai kati, a ɗora sananniyar riba a kai. Haka Adyen, kamfanin Amsterdam da aka kafa a 2006, ke caje manyan 'yan kasuwa. Amfanin wannan ya danganta da inda masu sayenka suke. Tarayyar Turai ta ƙayyade kason bankin mai kati tun 2015: kashi 0.2 a katin cire kuɗi, kashi 0.3 a katin bashi na ɗaiɗaikun mutane. A Amurka babu irin wannan iyaka a kan katin bashi, kason yakan kai kashi 2 ko fiye a katunan da ke ba masu su tukuici.

Yaushe ragin ya cancanci wahalar? Lissafin ba shi da wuya. Ragin kashi 0.5 cikin 100 a cinikin dala 5,000 a wata dala 25 ne, wanda kuɗin wata na ƙofar biya kaɗai zai iya cinyewa. A cinikin dala 500,000 kuwa dala 2,500 ne duk wata. Sai dai a yi hattara da farashi mai hawa-hawa, inda ake tallata maka ƙaramin kaso, daga baya ka ga yawancin cinikinka an jefa shi a hawa mafi tsada, kai kuma ba ka da ta cewa a kan yadda ake rabon. Araha ba ta ado. Ka nemi samfurin takardar lissafin wata, ka haɗa duk abin da aka cire, ka raba da jimillar ciniki. Abin da ya fito shi ne farashin gaskiya.

Akwai wani sharaɗi da yakan zo da asusun kai, dillalai ma kan sanya shi: jinginar wani kaso na ciniki. A ce kashi 10 za a riƙa riƙewa na wata shida. Mai cinikin dala 20,000 a wata za a riƙe masa dala 2,000 duk wata, kafin a fara sakar masa na farko dala 12,000 sun taru a hannunsu, kuma haka adadin zai ci gaba da zama muddin sharaɗin yana nan. Kuɗinka ne, za ka same shi, amma ba za ka iya juya shi ba. Ga mai ƙaramin jari wannan ya fi kowace la'ada ciwo. Bambancin dai shi ne a asusun kai kana ganin sharaɗin a takarda kafin ka sa hannu, kana kuma iya neman a sassauta shi bayan ka nuna tarihi mai kyau.

Cajbak bai san wace hanya ka bi daga cikin biyun nan ba, a kanka yake sauka. Cinikin intanet ciniki ne da ba a ga kati ba, don haka idan da katin sata aka saya, ɗan kasuwa ne ke asara: kaya sun tafi, kuɗi ya koma, ga tara a kai, wadda a Stripe ta Amurka dala 15 ce. Kana iya kare kanka da hujja, kamar shaidar isar kaya da saƙonnin da kuka yi da mai saye, amma bankin mai kati ne ke fara yanke hukunci. Idan ƙorafe-ƙorafe suka doshi ɗaya cikin kowane ciniki ɗari, idon kamfanonin kati zai dawo kanka. Wanda aka rufe wa asusu saboda haka yana iya shiga kundin MATCH na Mastercard, inda suna ke zama shekara biyar, bankuna kuma suna duba kundin kafin su karɓi sabon ɗan kasuwa. Shi ya sa abin tambaya a wurin kowane kamfani shi ne wane makami zai ba ka. Na farko 3-D Secure, matakin nan da bankin mai kati ke tura masa lamba ko ya nemi ya tabbatar a manhajarsa. Idan aka bi shi, asarar katin sata yawanci tana komawa kan bankin mai kati. Yana sa wasu masu saye su fasa a tsakiyar hanya, kuma ba ya kare ka daga ƙorafin "kaya ba su iso ba", amma ga kaya masu tsada ban ga dalilin barin sa ba. A Turai ma doka ta wajabta irin wannan tantancewa a yawancin cinikin intanet. Na biyu, kariya daga 'yan damfarar da ke amfani da shafinka suna gwada dubban lambobin kati na sata da ƙananan kuɗi. A wannan fannin manyan dillalai sun fi ƙarfi, domin suna ganin cinikin miliyoyin shaguna, katin da ya yi ɓarna a wani wuri sun riga sun san shi. Na uku ƙaramin abu ne da ake mantawa: sunan da zai fito a bayanan asusun mai saye. Idan shagonka sunansa daban, abin da ya fito a bankinsa kuma sunan kamfanin da ka yi rajista da shi ne, mutumin kirki ma zai ce bai san cinikin ba.

Batun tsaron bayanan kati gajere ne idan ka yi zaɓi mai kyau. Ƙa'idar PCI DSS, wadda ta fara fitowa a 2004, kuma majalisar da Visa, Mastercard, American Express, Discover da JCB suka kafa a 2006 ke kula da ita, ta hau kan duk mai karɓar kati, babba ko ƙarami. Idan mai saye yana rubuta lambarsa a shafin kamfanin biya ne, ko a akwatin da kamfanin ya dasa a shafinka, nauyinka kaɗan ne. Idan lambar tana ratsa kwamfutocinka, dukan sharuɗɗan ƙa'idar guda 12 da rassansu sun hau kanka. Kada lambar kati ta taɓa na'urarka, kada ka karɓe ta ta imel ko saƙon waya, lambobi ukun baya kuwa an hana adana su bayan an amince da ciniki. Dillali da asusun kai duk suna ba da wannan sauƙin a yau.

Hanya ta uku ba ta kowa ba ce. Kamfanoni irin su Paddle da FastSpring su ne masu sayarwa a idon doka: mai saye daga wurinsu ya saya, kai kuma su ka sayar wa. Cajbak da damfara da tsaron kati suna wuyansu, haka ma haraji, wanda shi ne babban dalilin zuwa wurinsu. Tun 2015 Tarayyar Turai ta ce harajin kayan dijital a ƙasar mai saye ake biyan sa, a 2018 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ba jihohi damar karɓar harajin ciniki daga mai sayarwar da ba shi da ko ofis a cikinsu. Mutum ɗaya da ya rubuta manhaja yana sayar wa ƙasashe talatin ba zai iya bin wannan shi kaɗai ba. Kuɗin ya fi yawa: sanannen farashin Paddle kashi 5 ne da santi 50, wato dala 1 cur a cinikin dala 10. Kuɗinka ba kullum yake zuwa ba, sau ɗaya ko biyu ne a wata, sunansu ne ke fitowa a rasit, kuma kusan kayan dijital kawai suke karɓa. Mai aika kaya a kwali ba nan ne wurinsa ba.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Idan sabo ne kai, cinikinka bai yi yawa ba, kayanka suna isa cikin kwanaki, sana'arka kuma ba ta cikin jerin da aka hana, ka tafi wurin dillali kai tsaye. Ragin da asusun kai zai ba ka bai kai wahalarsa ba. Ka dai cika duk takardunka tun ranar farko, ka riƙa kwashe kuɗinka zuwa banki a kai a kai, ka kuma sanar da su kafin babbar talla. Idan manhaja ko darussa ko wani kayan dijital kake sayar wa ƙasashe da yawa, kuma ba ka da akanta, tsadar hanya ta uku ta fi tarar haraji sauƙi.

Waɗanda nake roƙo su tsaya su yi tunani su ne masu karɓar kuɗi yau su ba da kaya bayan watanni: masu shirya tafiye-tafiye, masu sayar da tikitin taro, masu karɓar oda kafin a ƙera kaya, masu rajistar shekara. Haka masu ciniki ɗaya mai nauyi, da masu sana'ar da ke tashi a wani lokaci na shekara ta kwanta a saura. Ko cinikinku kaɗan ne, ku ne lamuninku ya fi tsawo a idon banki, ku ne kuma riƙe kuɗi ya fi saurin faɗa wa. Gara a bincike ku yanzu da babu ko sisinku a hannunsu, ku ji sharaɗin jingina a fili, ku gina lissafinku a kansa.

Duk wadda ka zaɓa, ka yi tambaya ɗaya kafin ka sa hannu, musamman idan kana cajin mutane duk wata: ranar da zan tashi, za ku miƙa katunan kwastomomina da kuka adana ga sabon kamfanin da na koma? Wasu suna yi ta amintacciyar hanya, wasu ba sa yi, kuma idan ba su yi ba sai ka bi kowane kwastoma ya sake shigar da katinsa, da yawa kuma ba za su dawo ba. Da zarar cinikin kati ya zama shi ke biyan albashin ma'aikatanka, ka buɗe asusu na biyu a wani kamfani daban, ka haɗa shi da shafinka, ka riƙa bi da ɗan ciniki ta cikinsa don ya san ka tun kafin ka buƙace shi.